Jiragen da Suka San Hamdiya

Ruwa ya kai wa Hamdiya cinya, hannuwanta biyu suna can ƙasa tana ɗaure na'ura a jikin turken ƙarfe, sai wayarta ta ɗauki ƙara a aljihun ƙirji. Ta bar ta ta yi ta kuka har ta gama ɗaurin, domin na'urar nan ta aro ce, in ta suɓuce cikin kogin Saône babu wanda zai tsaya jin bayani.

"Ke 'yar Damagaram, portabul ɗinki zai tsage!" in ji Hapsatou daga gaɓa. Ita ke riƙe da igiyar da aka ɗaura wa Hamdiya a ƙugu, ta naɗe ta a hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana cikin ledar gyaɗa.

"Na ji, Yaya. Musye Pascal ne, babu mai kira irin wannan sai shi."

Pascal shi ne malamin da ke duba aikin digirinta na dokta a Villeurbanne. Mutumin kirki ne, sai dai ba ya gaisuwa a waya, abin da har yau Hamdiya ba ta saba da shi ba. Daga Paris yake kira, ya kuma faɗa cikin magana kai tsaye da Faransanci.

"Hamdiya, na sake duba sakamakonki a cikin jirgin ƙasa. Irin waɗannan igiyoyin ruwa ko gidan tururuwa ba za su rushe ba. Amma gaɓa tana ta faɗuwa. Ko dai na'urar ba ta zauna daidai ba, ko kuwa ba jirage ne ke cin gaɓar ba, kin ga ke nan aikin ba shi da tushe."

"Na'ura ta zauna daidai, Musye. Yanzu ma a cikin ruwan nake."

"To, masu ita suna son abarsu gobe da safe, za su kai ta bakin teku. Kwamiti zai zauna mako mai zuwa. In babu abin da zan nuna musu, ba zan iya roƙa miki shekara ta uku ba. Ki yi haƙuri."

Ta ce ta gode, ta kashe wayar. Ta fito daga ruwa a hankali, takalmin roba mai kai wa ƙirji yana ƙuwwa, zuciyarta ta yi nauyi ƙwarai.

Aikin nata ba shi da wuyar faɗa. A wannan wuri, arewa da Lyon, kogi yana cin gaɓa kowace shekara har ya kusa taɓa hanyar masu keke. Ana zargin manyan jiragen dakon kaya masu saukowa da alkama da yashi zuwa teku. Sai aka sa Hamdiya ta auna gudun jiragen, ta auna tsayin igiyar da kowane jirgi ke tayarwa in ya wuce. Ta kafa turaku biyu a gaɓa, tana duba agogo daga lokacin da hancin jirgi ya wuce na farko zuwa na biyu, a haka take sanin gudunsa. Tun da sanyi ya wuce take zuwa nan, kuma kullum labarin ɗaya ne. Jirage na tafiya sannu kamar masu rakiyar amarya, igiyar ruwa kuma ba ta fi tafin hannu ba.

Hapsatou ba 'yar aikin ba ce. 'Yar Garwa ce, ta girmi Hamdiya, tana aiki a wani labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, na masana'anta a Saint-Fons, gidansu ɗaya. Doka ta hana mutum shiga ruwa shi kaɗai, abokin aikin Hamdiya kuma ya tafi hutu, shi ya sa ta sadaukar da ranar hutunta ta biyo ta, tare da kula cike da dafa-duka.

"Ni abin da ke ba ni mamaki," ta ce tana warware igiya, "mu da muka tashi a bakin Binuwai muna can muna wanke kwalabe a labo. Ke da kika tashi kina layin famfo da jarka, ke ce malamar kogi."

"Wanda ya sha ƙishirwa shi ya san darajar ruwa, Yaya."

"Bon, darajar ruwa ta ba ki shekara ta uku mu gani."

Ba su rufe baki ba sai ga ƙugin inji daga sama. Wani jirgin yashi ne ya ɓullo. Hamdiya ta gyara jar rigar aikinta, irin mai ƙyallin nan da ake hangowa daga nesa, ta danna agogo, ta matsa bakin ruwa. Sannan ta ɗaga hannu biyu sama ta kwaɗa gaisuwa da Faransanci. Ta tambayi matuƙin kwanansa, da gajiyarsa, da ƙafar matarsa, da karen da ke kwance a kan rufin ɗakin tuƙi. Matuƙin ya leƙo ta taga yana dariya, ya amsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga hularsa. Jirgi ya wuce lumui. Wata 'yar igiya ta zo ta lashi laka ta koma.

Hapsatou ta saki baki. "Duk kin san su haka?"

"To ya za a yi? Mutum ya wuce ka kullum, ka tsaya ka zuba masa ido kamar gunki? Ai uwata ba ta haife ni haka ba."

Gaskiya ta faɗa. Hamdiya irin mutanen nan ne da ke gaida direban tram, su gaida mai shara, su gaida tsohuwar da ba ta taɓa amsawa ba. A gidansu a Zinder, yaro ya wuce babba bai gaishe shi ba, to kafin ya kai gida labari ya riga shi. Hali kuwa zanen dutse ne, teku ba ta wanke shi.

Ta duba ordinatar, wato kwamfutar da ke buɗe a bayan mota. Layin da ke nuna tsayin ruwa ya ɗan motsa ya kwanta, kamar kullum. Ta ja tsaki.

Da rana ta take, suka ci abinci. Hapsatou ta cire takalmanta ta ajiye a bakin ruwa, ta shige mota ta kishingiɗa wai za ta huta na minti biyu, nan take ta fara minshari. Hamdiya ta yi alwala, ta cire jar rigar ta rataye ta a cikin mota, ta ɗauki sallaya ta zagaya bayan wasu itatuwa masu rassa har ƙasa, inda masu keke ba za su tsaya kallonta ba.

Tana raka'a ta uku ta ji inji. Wannan ƙugin dabam ne, mai ƙarfi, har ƙasa na rawa a ƙarƙashin sallaya. Ta daure ta tsare zuciyarta. Tana zaman tahiya ta ji wani sauti kamar ana tsotse ruwa daga ƙaton tulu, shiru ya biyo baya, sannan sai ji kake fuuu, ruwa ya daki gaɓa, ya sake daka, wani guntun ƙasa ya ɓalle ya faɗa ciki tim.

Tana sallamewa ta ruga. Laka ta jiƙe har kusa da tayoyin mota. Takalmin Hapsatou ɗaya ya tafi yawon duniya, ana hango shi yana lilo a tsakiyar ruwa. Can ƙasa kuma bayan wani jirgi ne ke shan kwana, shuɗi mai farin layi. Ta san shi sarai, na wani dattijo ne mai gemu da ke jigilar tsakuwa, ta auna shi sau ba adadi, bai taɓa tayar da abin kirki ba.

Ta leƙa ordinatar. Layin ya nutse ƙasa, sannan ya yi tsalle sama, ya ninka duk abin da ta taɓa gani.

"Innalillahi! Yaya, tashi! Tashi ki gani!"

Hapsatou ta fito tana mutsuttsuke ido, ta dubi laka, ta dubi ƙafarta. "Ina takalmina?"

"Bar batun takalmi. Jirgin nan na san shi, kullum a hankali yake wucewa. Yau me ya same shi?"

"Me ya canza yau?"

"Babu komai. Na'ura ɗaya, ruwa ɗaya, turke ɗaya. Ni dai ba na nan ne kawai, ina salla..."

Maganar ta maƙale mata. Ta juya ta dubi jar rigar da ke rataye cikin mota, ta dubi inda take tsayawa kullum tana ɗaga hannu. Sai ta zauna daɓas a kan kula, ta dafe kai da hannu biyu.

"Wayyo ni Hamdiya. Yaya, rage gudu suke yi. Don ni suke ragewa, kada su jiƙa ni."

Hapsatou ta zuba mata ido. Daga nan kafaɗunta suka fara rawa. Ta yi ƙoƙarin dannewa, ina, dariya ta ƙwace mata har ta durƙusa tana buga cinya.

"Wata da watanni! Kin zo Faransa auna jirage, ashe ladabinki kike aunawa! Wallahi sai na ba da labarin nan a Garwa."

Hamdiya ta so ta yi fushi, amma ita ma dariyar ta kama ta, tana yi hawaye na zuba, ba ta san na wanne ne ba. Da suka lafa, ta share ido ta yi lissafi. Awo ɗaya ba ya zama hujja, balle ba ta ɗauki gudun jirgin ba. Kwamiti zai ce kuskuren na'ura ne. Abin da take bukata shi ne babban jirgi mai cikakken kaya, a gudunsa na gaskiya, kafin rana ta faɗi. Kuma ta san wanda ke tafe. Duk ranar Alhamis bayan la'asar, jirgin nan mai suna Marjolaine na saukowa daga Chalon cike da alkama, yau kuwa Alhamis ce.

"To ai sai ki ɓuya," in ji Hapsatou. "Voilà, magana ta ƙare."

"Na Musye François ne fa, shi da matarsa Madam Anne. Sa'an babana ne. Ranar nan har kwalbar zuma suka jefo mini."

"Zuma ko digiri, zaɓi ɗaya."

Suka shige bayan itatuwan nan suka tsugunna, inda Hamdiya ke iya hango turakunta biyu ta tsakanin rassa. Ciyawa mai ƙaiƙayi ta yi musu maraba. Hapsatou na ta soshe-soshe tana tsine wa duk wanda ya ƙirƙiro karatun dokta. Ita kuwa Hamdiya agogo na hannunta. A rayuwarta ba ta taɓa laɓewa don kada ta gaida babba ba, abin ya yi mata kamar sata.

Marjolaine ta ɓullo, baƙa, doguwa, ta nutse cikin ruwa saboda nauyi, hancinta na tura farin kumfa. Kai, ashe haka jirgin nan ke gudu! Hamdiya ta riƙe numfashi. Saura kaɗan ya kai turken farko.

Sai ƙugin injin ya faɗi.

"A'a," ta ce a hankali. "A'a, Baba, don Allah wuce."

Bai wuce ba. Injin ya koma baya da ƙarfi, ruwa ya tafasa a gindin jirgin. Aka danna oda mai tsawo har tsuntsaye suka watse. Ta cikin rassa suka ga François ya fito daga ɗakin tuƙi da tabaron hangen nesa, yana duban mota a buɗe, da ordinatar a kunne, da igiya yashe a laka, da takalmin mace ƙwaya ɗaya a bakin ruwa, babu kowa. Anne kuwa, mace mai jiki da furfura, ta taho a guje ta gefen jirgin ɗauke da zoben ceto, tana leƙa ruwa tana kira da muryar da ta fara rawa.

"Amdiya! Amdiya! Ma petite!"

"Zauna," in ji Hapsatou, ta damƙe mata hannu. "Abin ya riga ya ɓaci, ki bari su gaji su tafi."

"Ki ji muryarta fa, Yaya. Cewa take na nutse."

Ta fizge ta faɗa waje, ganye a ɗankwali, hannu biyu a sama. "Ga ni! Ga ni nan, lafiyata ƙalau! Madam Anne, barka da yamma! Musye François, ya hanya?"

Anne ta saki zoben, ta dafe ƙirji, ta zauna a kan murfin rumbun alkama. François ya matso da jirgin iyakar inda zurfi ya bari, ya kwaɗo magana, fuskarsa ta yi ja.

"Me kike yi a cikin daji? Kin kusa kashe mini mata!"

Kunya ta rufe Hamdiya. Amma rana na tafiya, babu lokacin kwana-kwana. Ta tsaya a bakin ruwa ta faɗa musu komai da ƙarfi, da na'urar da za a karɓe gobe, da kwamiti, da igiyoyin da suka ƙi girma. Ta ce tana zaton wasu daga cikinsu na rage gudu saboda ita.

"Wasu?" in ji François. Ya cire hula ya sosa ƙeya. Ya dubi matarsa, matarsa ta kau da kai. "Ba wasu ba ne, 'yata. Duka ne. Ni na sa su."

"Kai, Musye?"

"Tun ranar farko da kika gaishe mu. Shekara talatin muna bin kogin nan, mutanen gaɓa ba sa ko ɗaga kai, sai dai su yi mana ihu mun kaɗa musu ƙugiyar kifi. Anne ta ce yarinyar nan tana cikin ruwa har ƙugu, wata rana wani zai kifar da ita. Sai na ɗauki rediyo na gaya wa kowa, daga Chalon har teku, duk wanda ya ga jar riga a nan ya rage gudu. Wanda ya ƙi, zai gamu da ni."

Hamdiya ta tsaya kawai. Abin ya ba ta haushi, ya kuma daɗaɗa mata rai, har ta rasa wanda za ta fara ji. A bayanta Hapsatou ta fito daga ciyawa ba takalmi, tana cewa da Hausa, "Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

"Ba za ku iya komawa baya ku sake wucewa ba?" Hamdiya ta tambaya, ko da yake ta san amsa.

"Da wannan kayan? A nan? Sai dai mu kwana a laka." Ya dubi sama. "Amma tsaya. Akwai jirgin da muka baro a ƙofar ruwa ta sama, mai tura rumbunan kaya biyu a gabansa, ya ninka nawa girma. Bayansa ma akwai biyu."

Ya koma ciki ya bar ƙofa a buɗe. Suna jin muryarsa yana magana a rediyo, yana cewa yarinyar mai jar riga tana roƙon alfarma, yau kowa ya wuce ta kamar bai taɓa ganinta ba, a gudunsa na kullum, kada a ƙara, kada a rage, kada a ɗaga hannu. Wata murya ta tambaya ko an yi faɗa ne. Ya ce ba faɗa ba ne, kimiyya ce. Sannan ya leƙo ya ce ta hau can sama nesa da ruwa, ya tayar da inji, Anne na ta ɗaga hannu har suka sha kwanar da ke ƙasa.

Ba a daɗe ba babban ya iso. Hamdiya ba ta hau sama ba, ta tsaya daidai turke da agogo, ɗaya hannun ta cusa shi cikin aljihu ta damƙe. Matuƙin, wani saurayi da ta saba tambaya labarin jaririnsa, ya kafe ido gaba, wuyansa a sandare kamar soja a fareti. Ruwa ya janye daga gaɓa, ya tone laka da duwatsun da ba ta taɓa gani ba. Sannan ya dawo gaba ɗaya. Ya dake ta a gwiwa, ya fantsama har fuska, ya cika takalmin roba, ya kwashe ragowar takalmin Hapsatou ya bi da shi sawun ɗan'uwansa.

"Alhamdulillahi!" Hamdiya ta yi ihu, ruwa na ɗiga daga haɓarta. "Yaya, duba layin! Duba!"

"Na gani, ya kusa fita daga gilashi. Ni kuma da me zan taka zuwa gida?"

Na biyu ya wuce, shi ma haka, matuƙinsa na kallon gaba. Ta kira Pascal, wannan karon ita ma ba ta yi gaisuwa ba. Ya saurara har ta gama, sannan ya fashe da dariyar da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba.

"Kin san abin da ke hannunki? Jirage iri ɗaya, a wuri ɗaya, a hankali da kuma a guje. Na daɗe ina neman wanda zai sa matuƙan nan su rage gudu don gwaji, ko amsa ba su ba ni ba. Ki kawo mini duka gobe. Zan roƙi masu na'urar su ƙara mana lokaci, in sun ƙi ma, da wannan zan shiga kwamiti."

Ta kashe wayar. Ya kamata a ce murna ta ishe ta, kuma ta yi murnar. Amma da ta tuna fuskar saurayin nan a sandare, sai ta ji ba daɗi. Daga sama ƙugin jirgi na uku ya fara tasowa.

Ta miƙa wa Hapsatou agogon. "Yaya, in hancinsa ya kai wancan turken ki danna nan, in ya kai wannan ki sake dannawa. Na'ura za ta yi sauran."

"Ke kuma ina za ki?"

"Bayan kwanar can, in gaishe su. In sun sha ta sun riga sun wuce awo, ba sa kuma hango ni sai sun iso."

Ta ɗauki jar rigarta ta saɓa a kafaɗa, ta bi hanyar masu keke da sauri, ruwa na ƙara a cikin takalminta, don ta riga jirgin isa.